RA'AYI: Gadon da ke cikin jininmu bai tsaya ga AA da AS da SS ba

Shekaru uku da suka wuce ƙanwata ta haifi ɗanta na fari, namiji, a wani asibiti da ke bayan garin Abuja. Aka sallame su washegari, uwa da ɗa duk lafiya. A rana ta uku farin idon yaron ya soma komawa rawaya. Gwaggonmu da ta zo yi mata wankan jego ta ce shawara ce irin wadda jarirai suka saba yi, a riƙa fito da shi hantsi, a kuma ɗiga masa ruwan gulukos. A rana ta biyar ya ƙi kama nono, yana wani irin kuka mai tsini, yana banƙarewa. Da aka koma asibiti, likitar da ta karɓe shi ta dubi gwaggo ta ce: "Hajiya, a ina kuka adana kayan da kuke sa masa?" A cikin akwati ne, tare da ƙwayoyin kafur da aka zuba tun cikin yana wata bakwai, don kada asu ya ci.

A daren aka sauya masa jini. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma har yau yana fama da matsalar ji. A takardar gwajin da aka miƙo mana daga baya an rubuta cewa yana da ƙarancin G6PD. Duk danginmu, har da ni da nake cin abinci da gyaran rubutun labarai, babu wanda ya taɓa jin wannan suna. Ga shi kuma iyayen yaron sun yi gwaji kafin aure, kowannensu AA ne, sun kuma ɗauka cewa sun gama da duk wata magana ta gadon jini.

Ra'ayina shi ne, ƙasar da ta yi nasarar sa haruffan AA da AS da SS a bakin kowa ba ta da uzurin barin G6PD a cikin littattafan likitoci. Ya kamata a riƙa gwada jarirai tun ranar haihuwa, a kuma koya wa iyaye abin da sakamakon yake nufi.

Abin da ake gada

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai furotin iri-iri. Wanda muka fi sani shi ne himogulobin, mai ɗaukar iskar da muke shaƙa, kuma shi ne gwajin jinotayif yake dubawa. Akwai wani rukuni da masana ke kira inzayim, wato furotin masu gudanar da ayyukan cikin ƙwaya. G6PD ɗaya ne daga cikinsu, aikinsa kuwa tsaro ne: yana samar da sinadarin da ƙwayar ke kare kanta da shi daga abubuwan da ke cin ta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin samun wannan kariya. Jar ƙwayar jini ba ta da wata hanya sai wannan, kuma ba ta iya ƙera sabon inzayim bayan ta baro ɓargo. Guzurin da ta fito da shi, da shi za ta yi kwana 120 na rayuwarta.

Fahimtar cewa sigar inzayim da mutum ya gada ita ke yanke yawan ƙarfinsa a jini ta kankama ne a shekarun 1960. A 1963, a Landan, Harry Harris da abokan aikinsa Hopkinson da Spencer suka yi amfani da dabarar tura furotin da wutar lantarki a kan faranti, irin wadda ɗakunan gwajinmu ke bambanta AA da AS da ita, suka gano cewa wani inzayim na jar ƙwaya mai suna asid fosfatas yana da siga uku da ake gada, A da B da C. Da suka auna ƙarfin kowace siga sai suka tarar yana tafiya kusan a kan biyu, uku, huɗu. Wato idan aka auna jinin mutum dubu aka ga wani yana da inzayim da yawa, wani kaɗan, ba haka kawai abin ya faɗo ba. A ƙarƙashin wannan bambanci akwai rukunai na gado, kowanne da matsayinsa.

A wajen asid fosfatas, wannan bambanci bai cika damun kowa ba. A wajen G6PD yana iya zama sanadin rai. An san siga fiye da 200 na wannan inzayim. Wadda ta fi yawa a duniya ana kiran ta B. A Afirka akwai sigar A, wadda ƙarfinta ya kusa kai na B, sannan akwai A mai ragi, wadda ake rubutawa A-, kuma ita ce tamu matsalar. Inzayim na sigar B yakan ɗauki kimanin kwana 62 kafin rabin ƙarfinsa ya zagwanye. Na A- kwana 13 kacal yake yi. Saboda haka sababbin ƙwayoyin jinin mai A- suna da kariya, tsofaffin kuwa tsirara suke, kuma idan aka haɗa duka, ƙarfin inzayim ɗinsa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na mai B ba. Akwai kuma sigar Bahar Rum, wadda ta yawaita a Girka da tsibirin Sardiniya da Gabas ta Tsakiya har zuwa Indiya. Ita ta fi tsanani, domin ko sababbin ƙwayoyin ma ba su da isasshiyar kariya.

Mai wannan ƙaranci lafiyarsa lau, yana noma, yana buga ƙwallo, yana iya tsufa bai san yana da shi ba. Sai ranar da ya gamu da abin da ke tayar da shi: wani magani, ko tururin kafur, ko wata cuta mai zazzaɓi. A ranar tsofaffin ƙwayoyin za su farfashe a cikin jijiya, fitsari ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba, ido ya yi rawaya, jini ya yi ƙasa cikin kwana biyu ko uku.

Yadda aka gano shi, da rawar da Ibadan ta taka

Magani ne ya tona asirin wannan gado. A lokacin yaƙin Koriya, sojojin Amurka sun sha maganin maleriya mai suna primaquine, sai aka lura cewa kusan ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata a cikinsu jininsu na farfashewa. Masu bincike daga Jami'ar Shikago suka bi diddigin abin a kan fursunonin gidan yarin Stateville, har a 1956 Paul Carson da abokansa suka nuna cewa ƙarancin G6PD ne sanadi. Ba da jimawa ba aka gane cewa shi ne kuma ke bayan wata tsohuwar cuta ta ƙasashen Bahar Rum, inda mutum kan faɗi rashin lafiya bayan ya ci waken da Larabawa ke kira ful.

A yau an ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 ko fiye ne ke da wannan ƙaranci, kuma taswirar inda suke ta yi kama ƙwarai da taswirar zazzaɓin cizon sauro. Wani muhimmin ɓangare na bayanin wannan kamanni a Najeriya aka samo shi. Lucio Luzzatto, likitan jini ɗan Italiya, ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan daga 1964 zuwa 1974. A 1969, shi da Essien Usanga da Reddy suka duba jinin mata masu ɗauke da ƙwayoyi iri biyu a jiki ɗaya, masu ƙaranci da marasa ƙaranci, suka tarar ƙwayar cutar maleriya ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin marasa ƙarancin. Manyan binciken da aka yi daga baya a ƙasashen Afirka da dama sun nuna cewa cinikin yana da riba da hasara: ƙarancin yana rage haɗarin maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara haɗarin ƙarewar jini mai tsanani. Kamar sikila, shi ma tabo ne da sauro ya bari a jikin zuriyarmu.

A Najeriya, binciken da aka yi a sassa daban-daban yakan tarar da ƙarancin a jikin kimanin namiji ɗaya cikin biyar ko shida. Yawan ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Wani bincike da aka wallafa a 2001 daga Burkina Faso ya nuna cewa sigar A- ta fi ƙaranci a tsakanin Fulani a kan maƙwabtansu Mosi. Sai dai irin wannan lissafi na jama'a ne. Ba ya gaya wa uwa komai game da jaririn da ke hannunta, kuma a ƙasar da auratayya ta cakuɗa kowa da kowa, ƙabila ba za ta maye gurbin gwaji ba.

Inda haɗarin ya fi muni

Babba idan jininsa ya farfashe yakan farfaɗo da kansa in aka tsayar da abin da ya jawo, domin ɓargo zai cika gurbin da sababbin ƙwayoyi masu kariya. Jariri ba shi da wannan sarari. Ƙwayar jini idan ta mutu tana barin wani sinadari rawaya mai suna bilirubin, wanda hanta ke tacewa. Hantar ɗan kwana uku ba ta ƙosa ba, kuma jariri mai ƙarancin G6PD ya fi saurin tara wannan sinadari ko da bai gamu da kafur ko magani ba. Idan ya taru ya wuce iyaka sai ya shiga ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɓata a can ba ya gyaruwa: kurumta, shanyewar gaɓoɓi, ko mutuwa. Da yawa daga yaran da muke gani ba sa iya zama ko riƙe wuya, ana cewa iska ce ta taɓa su, shawarar makon farko ce ta mayar da su haka.

Likitocinmu sun daɗe da sanin wannan. Tun 1980 Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, suka wallafa bincike daga Legas a kan yadda hoda mai mantol da ake barbaɗa wa cibiya ke ƙara haɗarin shawara ga jarirai masu wannan ƙaranci. Likitoci a Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun ba da rahoton jarirai da jininsu ya farfashe bayan an shafa musu lalle. Kafur, hoda, man zafi, lalle: duka kayan ƙauna ne da kaka ko gwaggo ke kawowa da kyakkyawar niyya.

Al'adar jego ma tana ƙara ɓoye alamar. Shawara takan kai ƙololuwa tsakanin rana ta uku da ta biyar, daidai lokacin da mai jego da jaririnta suke cikin ɗaki mai duhu-duhu, an naɗe shi da zannuwa, ana jiran ranar suna. Baƙar fata ba ta saurin nuna rawaya. Kafin mahauci ya yanka ragon suna, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu.

Ba a jarirai kaɗai abin ya tsaya ba. A 2008 aka janye maganin maleriya mai suna Lapdap daga kasuwa, shekaru kaɗan bayan fito da shi domin Afirka, saboda yana ƙarar da jinin yara masu ƙarancin G6PD. Sinadarin dapsone da ke cikinsa har yanzu ana amfani da shi wajen maganin kuturta. Nitrofurantoin da ake bayarwa don ciwon mafitsara yana cikin jerin waɗanda ake gargaɗi a kansu. Tafenoquine, wanda aka amince da shi a 2018, ba a yarda a ba kowa shi ba sai an auna ƙarfin inzayim ɗinsa. Alhazanmu da ɗalibanmu a Saudiyya da Masar da Sudan kuwa suna karya kumallo da ful ba tare da sun san matsayinsu ba. Waken da muke nomawa a nan ba shi da wannan illa, don haka babu dalilin ƙaurace wa ƙosai ko alale.

Akwai kuma wata illa ta ɓoye. Gwajin HbA1c, wanda ake gano ciwon suga da shi, ya dogara ne da tsawon kwanakin jar ƙwayar jini. Ƙwayoyin mai A- ba sa daɗewa kamar na sauran mutane, don haka gwajin yakan nuna sukarinsa ƙasa da yadda yake. Wani babban bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fatar Amurka kusan 650,000 masu ciwon suga za su iya tsallake ganewa saboda wannan dalili. Sigar da ke jikinsu daga yankinmu kakanninsu suka tafi da ita.

Hujjojin masu ja, da amsarsu

Na san abin da za a ce. Na farko, kuɗi: ƙasar da ba ta gama da maleriya da tamowa ba, ina ta ga kuɗin sabon gwaji? Tun 1989 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar gwada dukkan jarirai a duk inda ƙarancin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na maza. Mun ninka wannan ma'auni sau uku ko fiye. Singafo ta soma gwada jariranta a 1965, lokacin da ba ta zama ƙasa mai arzikin da muka sani yau ba, ta haɗa da wayar da kan iyaye a kan kafur da magungunan gargajiya, har lalacewar ƙwaƙwalwa ta dalilin shawara ta kusa ɓacewa a can. Filifin ta sa G6PD cikin gwaje-gwajen da dokarta ta 2004 ta tanadar wa jarirai. Ɗigon jini ɗaya gwajin ke buƙata, kuma yanzu akwai na'urar hannu da ke ba da sakamako cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya ce gwajin ya yi tsada, ya lissafa kuɗin sauya jini, da na'urar ji, da shekarun da uwa za ta yi tana goyon yaron da ba zai taɓa tafiya ba.

Na biyu, za a ce yawancin matanmu a gida suke haihuwa. Gaskiya ne, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kacal na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai rabin haka ba. Wannan hujja ce ta faɗaɗa aikin zuwa ga ungozoma da ma'aikatan rigakafi. Wani bincike da aka yi a asibitocin Najeriya aka wallafa a 2020 ya nuna cewa matan da aka yi wa bayanin shawara tun suna awon ciki sun fi saurin kawo jariransu, kuma lalacewar ƙwaƙwalwa ta ragu ƙwarai a tsakanin 'ya'yansu. Inda babu wutar kunna fitila mai shuɗin haske da ake maganin shawara da ita, gwajin da aka yi a Legas aka wallafa a 2015 ya nuna cewa hasken rana da aka tace da wata rumfar leda ta musamman, a ƙarƙashin kulawar ma'aikata, yana aiki. Wannan dabam yake da shanya jariri a tsakar gida, wanda ke ƙona fata, ya bushe jiki, ya kuma cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi a wurina, wato tsoron tsangwama. Mun ga yadda AS ta koma tambarin da ke rusa baiko. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da jinotayif, kuma a wajen sikila akwai hikima a ciki, tunda ana haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar a Najeriya duk shekara. Amma kuskure ne babba a jefa G6PD cikin wannan kwando. Ƙarancinsa ba dalilin fasa aure ba ne, domin mai shi yana rayuwa cikakkiya in ya san abin da zai kiyaye. Wurin wannan gwaji ɗakin haihuwa ne.

Dole kuma a yi hattara da yadda ake bayyana hanyar gadonsa. Ƙwayar halittar G6PD tana kan kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa, shi ya sa ƙarancin ya fi bayyana a maza. Uba mai ƙaranci ba ya ba ɗansa namiji, amma yana ba dukkan 'ya'yansa mata. A gidajenmu, inda ake saurin ɗora wa matar ɗa laifin duk abin da ya sami jika, wannan bayani yana iya zama makami. Sai a tuna cewa ita ma uwar gada ta yi, sau da yawa daga mahaifinta, kuma mijin da ke zargin ta yana iya kasancewa ya riga ya miƙa wa 'yarsa irin wannan gado. Mata ma ba su tsira ba. Jikin mace yana kashe aikin X ɗaya a kowace ƙwaya, don haka mai ɗauke da siga biyu ƙarfin inzayim ɗinta yana iya faɗawa ko'ina, daga cikakke zuwa ƙasa ƙwarai. Gwajin da ke cewa "akwai" ko "babu" kawai yakan tsallake irin waɗannan mata. Wanda ke ba da adadi shi ya dace da su.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko su sa gwajin G6PD cikin abin da ake yi wa kowane jariri, a fara da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, a kuma rubuta sakamakon a katin rigakafi, wanda shi ne takardar da kowace uwa ke adanawa. Hukumar NAFDAC ta tilasta rubuta gargaɗi da Hausa da sauran harsunanmu a jikin ledar kafur da hodar mantol. Masu shagunan magani su saba da tambayar matsayin mutum kafin su miƙa magungunan da aka san suna farfasa jini. Ɗakunan gwaji su riƙa gaya wa mutane cewa gwajin da aka yi ana tsakiyar ciwo, ko bayan ƙarin jini, yana iya nuna lafiya alhali akwai ƙaranci, saboda tsofaffin ƙwayoyin sun mutu. Sai a maimaita bayan kimanin wata uku.

Mu 'yan jarida ma muna da laifi. Mun yi shekaru muna rubuta "gwajin jinotayif" kamar shi ne ƙarshen ilimin gado, har masu karatu suka ɗauka cewa AA takardar shaidar tsira ce daga komai.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da kowane gida zai iya yi daga yau. A raba kayan jariri da kafur, wanda aka riga aka adana da shi kuma a wanke shi sosai a shanya. Kada a sa wa cibiya komai sai abin da asibiti ya bayar. A kowace rana ta makon farko a fito da jariri wurin haske, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna karan hancinsa a ga launin da zai bayyana. In aka ga rawaya, ko ya rage shan nono, a nufi asibiti a ranar, kada a jira suna.

Gwaggonmu ta raini yara fiye da ashirin a danginmu, ba ta kuma taɓa nufin kowa da sharri ba. Babu wanda ya taɓa gaya mata. Yanzu duk gidan haihuwar da ta shiga, kafin ta karɓi jariri sai ta ce a buɗe mata akwatin kayansa ta shinshina. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.